Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Asibitoci Kan Marasa Lafiyar da Ake Sallama da Robar Abinci

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikina yana farawa ne daga inda naku ya tsaya, domin ni ce nake bin marasa lafiya gida bayan kun sallame su. Da yawa daga cikinsu ba sa iya haɗiya. Akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa maƙoshi, akwai wanda sankarar baki ko ta wuya ta toshe wa hanya, akwai yaron da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa, akwai kuma mai ciwon da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali. Dukkansu da robar abinci suke rayuwa, wato siririn bututun da ake zurawa ta hanci ko ta fatar ciki don a ba su abinci da magani. Ina roƙonku da ku karanta wannan wasiƙa tare da likitocinku da nas-nas ɗinku, musamman kuma masana harhaɗa magunguna, don rabin maganar tasu ce.

Kokena ɗaya ne. Ana saka roba da kyau, ana manna filasta, ana lissafa abincin da mara lafiya zai samu a rana, amma takardar magani ana rubuta ta kamar da baki zai sha. "Ƙwaya ɗaya safe da yamma," ga mutumin da ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa. Ranar sallama sai a miƙa wa matarsa ko 'yarsa ledar magunguna da sirinji, a ce, "Ki riƙa niƙawa kina zuba masa ta roba." A gidaje da yawa da nake shiga, wannan jimla ita ce duk karatun da mai jinya ta samu.

Robar nan ba sabon abu ba ce. Wadda ake hudawa ta fatar ciki zuwa tumbi, da ake kira PEG, tun 1980 likitoci biyu a Amurka, Michael Gauderer da Jeffrey Ponsky, suka bayyana yadda ake saka ta, ta hanci kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba. Ilimin ba da magani ta cikinsu ya daɗe a rubuce a littattafan masana magunguna. Matsalar ita ce yana tsayawa a ofis, ba ya isa hannun wadda za ta riƙe sirinji da asuba.

Bari in nuna muku abin da idona ya gani. Na shiga wani gida da safe na tarar da wata yarinya mai kula da mahaifinta tana haɗa masa magani. Ta zube ƙwayoyin safe duka a kofi ɗaya, ta danne su da bayan cokali har suka zama gari, ta buɗe kafso ta zazzage a kai, ta juye garin cikin abincin ruwan da za ta ba shi, ta gauraya, ta zuƙa da sirinji. Hannunta a wanke, kofin a wanke, ta yi komai da natsuwa da ƙauna. Da na ɗauki kwalayen ina dubawa, sai na ga ɗaya na hawan jini ne, nifedifin, da haruffan XL a gaban sunansa. Na tambaye ta yadda Baba yake kasancewa bayan maganin safe. Ta ce yakan yi laushi, gumi ya keto masa, idonsa ya lumshe, sai can da rana ya dawo daidai. Ita ta ɗauka ciwon ne yake yi masa haka.

Wannan ƙwaya an yi ta ne don ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan cikin awa 24. Idan aka niƙa ta, maganin yini guda yana shiga jini a lokaci ɗaya, jini ya faɗi ƙasa warwas, zuwa dare kuma babu sauran magani a jiki, jinin ya sake hawa. Ga mutumin da jijiyar ƙwaƙwalwarsa ta riga ta taɓu, wannan hawa da sauka kullum ba ƙaramin haɗari ba ne. Duk ƙwayar da aka rubuta wa SR, MR, XL, CR, ER ko LA haka take. Mafi muni a cikinsu ita ce mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, nau'in mai jinkirin saki da ake ba masu ciwon sankara. Niƙa ta na iya danne numfashin mara lafiya har ya tsaya.

Akwai kuma masu haruffan EC, waɗanda aka lulluɓe da wani rufi don kada su narke a tumbi sai sun isa hanji. Wasu an rufe su ne don kare tumbi daga maganin, wasu kuma don kare maganin daga tsamin tumbi. Omefrazol, maganin rage tsamin ciki, na cikin na biyu. 'Yan ƙwallayen da ke cikin kafsonsa kowanne da rigarsa, in aka murƙushe su asid ɗin tumbi ya lalata maganin kafin ya yi aiki, ɓawon rufin kuma ya jiƙe ya dunƙule ya toshe roba. Kafson dabigatiran, maganin hana daskarewar jini, idan aka buɗe shi aka ba da abin da ke ciki, yawan da jiki ke tsotsa yana ƙaruwa da kashi 75 cikin 100, wato an buɗe ƙofar zubar jini. Ƙwayar da aka yi don a sa ƙarƙashin harshe ba ta aiki yadda ya kamata in ta bi ta roba. Sannan akwai waɗanda haɗarinsu na kan mai niƙawar ne. Garin metotireksat da sauran magungunan sankara bai kamata a shaƙa ba, garin finasterayid, maganin kumburin ƙwayar mafitsarar maza, kuma bai kamata mace mai juna biyu ta taɓa ba. Sau nawa ake tambayar mai jinya ko tana da ciki kafin a ce ta riƙa niƙa magani?

Don haka roƙona na farko shi ne wannan. Ranar da aka yanke shawarar saka wa mutum roba, a ranar masanin magunguna ya zauna da takardar maganinsa ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kowane magani a yi masa tambaya: har yanzu ana buƙatarsa? In ana buƙata, akwai na ruwa, ko mai narkewa a ruwa, ko na mannawa a fata, ko na matsi? In babu, wannan ƙwayar tana niƙuwa? Cibiyar ISMP ta Amurka, mai aikin hana kurakuran ba da magani, ta taɓa fitar da jerin magungunan da ba a niƙawa, kuma irinsa ya kamata ya kasance a manne a kowane ɗakin kwanciya. Canza nau'in magani ma ba aikin kintace ba ne. Wanda ake sha sau ɗaya a rana in an koma mai saurin saki, yawanci sai an raba shi sau biyu ko fiye. Miligiram 100 na kafson fenitoyin, maganin farfaɗiya, daidai yake da kimanin miligiram 92 na ruwansa. Irin wannan lissafi ba a barin sa ga iyali.

Kada kuma a ɗauka da an ce maganin ruwa shi ke nan an huta. Yawancin sirof ana zaƙaƙa su da sobitol, wanda kimanin giram 10 a rana ke iya kumbura ciki, giram 20 kuma ya kawo murɗa da zawo. Mara lafiya mai shan sirof uku ko huɗu yana iya kai wa wannan adadi ba tare da kowa ya lura ba. Sai zawo ya ɓarke, a ɗora wa abinci laifi, a canza shi, a rage shi, a tsinka shi da ruwa, mutum ya yi ta ramewa, alhali mai laifin yana cikin kwalbar magani. Sirof mai kauri yana buƙatar a sirka shi da ruwa kafin a tura, balle idan bakin robar a ƙaramin hanji yake.

Wannan ma wani abu ne da ba kasafai nake ganin an rubuta a takardar sallama ba, wato inda bakin robar ya tsaya. Wata a tumbi take ƙarewa, wata kuma ta wuce shi ta shiga ƙaramin hanji. Maganin da aikinsa a tumbi yake, kamar sukralfet da masu kashe tsamin ciki, ba shi da amfani in an zuba shi bayan tumbin. Ribaroksaban, maganin hana daskarewar jini, ana iya niƙa shi a ba da ta robar tumbi, amma in ya sauka can ƙasa jiki ba ya tsotsar sa sosai. Layi ɗaya a takarda ya isa ya raba wannan gardama.

Sai maganar haɗuwar magani da abincin kansa. Tun 1982 aka wallafa cewa masu karɓar fenitoyin tare da abincin roba da ke ɗiga ba tsayawa, maganin yana raguwa ƙwarai a jininsu. Mai farfaɗiya sai ya ci gaba da faɗuwa, likita ya ƙara masa yawan magani, ranar da aka dakatar da abincin ko aka cire robar kuma maganin ya yi masa yawa ya zama guba. Shi ya sa ake tsayar da abinci awa 1 zuwa 2 kafin a ba shi da kuma bayan an ba shi, a kuma riƙa auna shi a jini. Sifrofuloksasin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana maƙalewa da sinadaran kalsiyam, ƙarfe da magniziyam da ke cikin abincin, ya wuce bai shiga jini ba, ciwon da ake yaƙa ya samu sarari. Lebotairoksin na masu ciwon maƙoƙo da warfarin na hana daskarewar jini su ma suna buƙatar sa ido. In an tsayar da abinci saboda magani, sai a sake lissafin awannin ciyarwa don kada a tauye wa mara lafiya abincinsa na yini, kuma wannan aikin masanin abinci ne da masanin magunguna su yi shi tare. Abin da ba shi da ja kuwa shi ne ba a zuba magani cikin abincin roba, ko wane iri ne.

Yadda ake ba da maganin kansa ba shi da wuya, koyarwa kawai yake so. A tsayar da abinci. A ɗauraye roba da ruwa mililita 15 zuwa 30. A niƙa ƙwaya ɗaya ita kaɗai har ta yi laushi, a narkar da ita, a tura, a ɗauraye kofin a tura ragowar, a bi da ruwa, sannan a ɗauko ta gaba. A ƙarshe a sake ɗaurayewa. Jarirai da masu ciwon ƙoda ko zuciya da aka ƙayyade musu ruwa, likita ne zai rubuta nasu adadin. Dalilin wannan wahala shi ne ƙanƙantar hanyar. Robar hanci mai lamba 8 faɗinta bai kai milimita 3 ba, wannan ma daga waje, ramin ciki ya fi haka matsi, tsawonta kuma kusan mita guda. Magunguna biyu da suka haɗu a irin wannan rami suna iya daskarewa, kuma babu wanda ya gwada abin da ke faruwa idan aka cakuɗa guda biyar a kofi ɗaya.

Toshewar roba a asibiti ɓacin rai ne na awa ɗaya, amma a gida babbar masifa ce, domin abinci da ruwa da magani duk sun yanke a lokaci guda. Mai farfaɗiya ya rasa maganinsa. Mai ciwon karkarwa ya rasa lebodofa, jikinsa ya sandare. Mai ciwon sukari da aka riga aka yi wa allurar insulin, sukarinsa ya faɗi don abincin da aka yi allurar dominsa bai shiga ba. A cikin wannan ruɗani ne iyali ke jin shawarar maƙwabta su zuba lemon kwalba mai gas ko ruwan 'ya'yan itace, alhali tsaminsu yana ƙara daskarar da furotin ɗin abincin ne. Wasu su ɗauko ƙaramin sirinji su danna da ƙarfi, ba su san cewa ƙaramin sirinji ya fi babba matsi ba, har yana iya fasa robar. Na taɓa tarar da wanda ya zura waya. Abin da ya dace shi ne ruwan ɗumi a babban sirinji mai mililita 50 ko 60, a tura a hankali a ja baya, a bar shi ya jiƙa, a sake. In ya ƙi, a kira ku. Amma wa za a kira, in ba ku ba da lamba ba?

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci. Robar hanci tana iya kauce wa hanyar abinci ta shiga huhu, ko lokacin sakawa, ko daga baya idan mara lafiya ya yi amai, ya yi tari mai ƙarfi, ko ya fizge ta. Mai lafiya zai sarƙe ya yi ta tari, amma wanda jijiyoyin maƙoshinsa suka mutu ko hankalinsa ya gushe yana iya kwanciya shiru da roba a huhunsa. Duk abin da aka zuba a lokacin, cikin huhu ya tafi. Har yau ina ganin ana tura iska da sirinji ana ɗora abin sauraro a kan cikin mara lafiya, in an ji ƙara a ce ta shiga. Hukumar kare lafiyar majinyata ta Birtaniya ta hana wannan gwaji tun 2005, saboda ana iya jin ƙarar ko da robar tana huhu. A 2011 ta sake jaddada cewa gwajin farko shi ne a zuƙo ruwan ciki a ɗiga a takardar auna tsami, in ma'aunin pH ya nuna tsakanin 1 da 5.5 a ci gaba, in ba a samu ruwa ba ko ya haura haka a ɗauki hoton ƙirji, wanda ya iya karantawa ya karanta. A Ingila ciyar da mutum ta robar da ta shiga huhu yana cikin kurakuran da aka ayyana cewa sam bai kamata su faru ba.

Ranku ya daɗe, takardar auna tsami ba na'ura ba ce, 'yar takarda ce a ƙaramin kwali. Ku saye ta, ku ajiye a kowane ɗakin kwanciya, ku sa a cikin kayan sallama. A koya wa mai jinya ta gwada kafin kowane abinci da kowane magani, ta kuma duba lambar da ke jikin robar daidai ƙofar hanci, wadda ku za ku rubuta mata ranar sallama. In lambar ta canza, kada ta zuba komai. A gaya mata kuma cewa magungunan rage tsamin ciki suna iya ɗaga ma'aunin, don ta san abin da za ta yi idan hakan ta faru, ba ta yi ta maza ta zuba ba.

Game da sirinji, ina roƙon ku daina ba da na allura don aikin roba. Sirinjin da bakinsa ke shiga kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya, wata rana hannun da ya gaji zai sa shi a can. A 2006 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗinta mafi tsanani a kwalin nimodifin, saboda ana zuƙe ruwan kafsonsa da sirinjin allura don a ba da ta roba, sai a yi kuskure a tura ta jijiya, kuma an rasa rayuka ta haka. Irin waɗannan kurakurai ne suka sa aka fito da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 80369-3 a 2016, da mahaɗin da ake kira ENFit, wanda ba ya shiga layin jijiya ko an so. Yawanci launin shunayya ake yi musu don ido ya bambance. Inda ba a samu irinsu ba tukuna, aƙalla a ware sirinjin baki daban, a yi masa alama, a kuma hana haɗa maganin roba da na jijiya a faranti ɗaya.

Duk wannan ba zai yi amfani ba sai an gyara ranar sallama. Bayani da baki a bakin ƙofa, ana naɗe kaya, mai mota na jira, ba koyarwa ba ne. Gani ya kori ji, yi da hannu kuma ya fi gani. A fara koyarwa kwanaki kafin sallama. Mai jinya ta tayar da kan gadon da kanta zuwa digiri 30 ko 45, ta san cewa zai zauna haka lokacin ciyarwa da rabin awa zuwa awa guda bayanta. Ta zuƙo ruwan ciki, ta karanta launin takarda, ta niƙa, ta tura, ta ɗauraye, nas na tsaye tana kallo, har sai hannunta ya daina rawa. A koya wa mutum biyu a gida, domin mai jinya ita ma tana rashin lafiya, tana barci, tana fita. A tuna mata da wanke bakin mara lafiya safe da dare ko da ba ya cin komai ta nan, saboda ƙwayoyin cutar da ke taruwa a busasshen baki su ne ke gangarawa huhu. Wannan ana yawan mantawa da shi, kuma bakin da aka bari ya bushe ya tsattsage yana ƙuntata wa mutum fiye da yadda muke zato.

A ba ta takarda ɗaya, cikin harshen da take karantawa, da manyan haruffa, ko da hotuna idan ba ta karatu. Sunan kowane magani, lokacinsa, yadda ake haɗa shi, ruwa nawa, wanne ne ake tsayar wa abinci. Irin robar, lambarta, inda bakinta ya tsaya, ranar da aka saka ta da ranar canji. A rubuta a fili cewa duk likitan da zai ƙara sabon magani, ko mai kantin da zai ba da wani a madadin wanda ya ƙare, a fara gaya masa cewa ta roba ake bayarwa, domin sau da yawa a nan ne ƙwaya mai XL ke sake shigowa gida bayan an cire ta.

Masu robar ciki suna da nasu gargaɗin. A cikin awa 72 na farko bayan an saka ta, in mara lafiya ya ji zafi mai tsanani lokacin ciyarwa, ko jini ya fito, ko ruwan ciki ya riƙa tsiyaya ta gefen ramin, a tsayar da komai a dawo asibiti nan take. In robar ta fita gaba ɗaya, ramin yana fara rufewa cikin awanni kaɗan, kuma a makonnin farko kafin hanyar ta warke, mayar da ita a gida na iya zuba abinci cikin kogon ciki. Iyali ba za su san wannan ba sai kun faɗa musu, kuma ba za su iya jiran ranar asibiti ta mako mai zuwa ba. Ku ware lambar waya da ake ɗauka dare da rana, ku rubuta ta a saman takardar, ku kuma sanar da ɗakin taimakon gaggawa cewa mai robar da ta toshe ko ta fita ba ya cikin masu jiran layi.

Na gode da lokacinku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma taimake ku a kan wannan nauyi.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai bin marasa lafiya gida